Kawu Mai Rinin Ƙarfe

Daga Allah muka zo, wajensa kuma za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya cika ranar wata Talata da hantsi a wani asibiti nan Jidda. Aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa, muka dawo unguwarmu Bani Malik muka jera kujeru a lungunmu kamar yadda ake yi a nan. Masu gaisuwa suna zuwa tsakanin magariba da lisha, a sha gahawa, a yi addu'a, a tashi a ba wasu wuri.

Na tsaya a layin masu karɓar gaisuwa kusa da ɗansa, taubashina. Mun san Hausawan unguwa za su zo, kuma sun zo. Abin da ban zata ba shi ne mutanen warsha, wato shagon aikin ƙarfen da ya yi aiki a unguwar masana'antu, waɗanda ya rabu da su tun da daɗewa. Ga mutanen Yaman, ga 'yan Pakistan, ga wani Basudane da ya tsufa har ana riƙe masa hannu. Basudanen ya dafa kafaɗar taubashina ya ce masa da Larabci, duk zaman da suka yi bai taɓa ganin ubansa yana sauri ba sai in an tayar da salla. Sannan ya wuce ya zauna.

A cikin gida mahaifiyata ta daure har aka dawo daga maƙabarta. Matar Kawu, wadda dukanmu muke kira Umma, ita ce ta karya ta. Ana neman babbar buta a dafa wa baƙi shayi, Umma ta ce a hau saman soro a duba, don tsohon nan ya ɗauke mata ita tun bara ya ce aro ne. Ta faɗi haka tana dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, mahaifiyata ta kama mata.

Washegari wani dattijo Balarabe ya zo daga Ta'if da 'ya'yansa. Ya zauna ya yi addu'a. Da zai tafi ya riƙe hannun taubashina ya ce babu bindiga ɗaya a gidansu da ba ta bi ta hannun mamacin ba. Na ga samarin unguwa suna kallon juna. Su dai abin da suka sani, wani tsoho mai farin gemu da ke zama a sahun gaba, yana raba alawa a ƙofar masallaci. Wannan kallon da suka yi wa juna shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Dangin mahaifiyata maƙera ne a wani ƙauye can ƙasar Hausa. Kakanmu yana ƙera fartanya da lauje, yana kuma haɗa wa mafarauta bindigar toka, 'ya'yansa maza biyu suna taya shi. Kawu shi ne ƙarami a cikinsu. Ya zo aikin hajji yana saurayi da niyyar komawa, sai guzuri ya ƙare. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga baya ya sami wata warsha da ake wanke ƙarfe ana yi masa ruwan tagulla da na azurfa, butocin gahawa da hannayen ƙofa da makamantansu. Mai warshar ya ga hannunsa, ya zama kafilinsa mai tsaya masa wajen hukuma, ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama. Kawu ne ya kawo mahaifiyata hajji, ta auri mahaifina wanda haifaffen nan ne. Hausar da nake rubutu da ita a bakin Kawu da mahaifiyata na koya, don in na yi wa Kawu Larabci a cikin gida sai ya yi kamar bai ji ba. A kan ɗansa ne dabarar ba ta ci ba. Taubashina yana jin Hausa sarai, amma in zai amsa sai harshe ya zame masa.

Kawu ba ya wuce ƙarfe bai shafa ba. Ƙofar masallaci, marikin mota, cokalin gidan biki, sai ya bi da babban yatsa a kai. In ya girgiza kai ya ce, "An yi masa gaggawa," to wannan abin ya faɗi ke nan. Haka yake faɗa a kan shinkafar da ba ta nuna ba, haka ya taɓa faɗa a kan auren wani maƙwabcinmu. Kullum akwai ɗan magagari a aljihun rigarsa, Umma ta gaji da ɗinke aljihun. Ƙamshinsa na man keken ɗinki ne da citta, don shayinsa ba ya shawuwa sai da citta mai yawa. Har yau in na shiga shagon tela na ji man nan sai na waiga.

Dattijon Ta'if ya fara zuwa warsha ne da wata tsohuwar butar gahawa. Hira ta kai su ga bindiga, ya ji bayanin Kawu, ya gane wannan ba a littafi ya karanta ba. Mutanen Ta'if suna da wani wasa da ake kira ta'ashir. Ranar biki namiji ya ɗura albarushi zalla a doguwar bindiga irin ta kakanni, ya yi tsalle sama, ya harba ƙasa ƙarƙashin ƙafafunsa, hayaƙi ya turnuƙe shi. Bindigogin na gado ne, wasu sun tsufa har sun wargaje. Dattijon ya riƙa kawo wa Kawu su gida ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya kafa sharuɗɗa tun farko: ba ya taɓa wadda ba ta da takardar hukuma, kuma albarushi ba ya shiga gidansa. Ya ce shi baƙo ne a ƙasar nan ko da zai shekara nawa, baƙo kuwa ba ya wasa da wuta a ɗakin mai masauki.

A saman soro ya kafa teburinsa, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Wata bindigar tana zuwa ne a buhu, bututu daban, ƙota a karye, zobban tagulla a kwance, sai ya zama kamar daga farko ake haɗa ta. Ni direba ne, Juma'a kaɗai nake hutu, to bayan la'asar sai in hau wajensa in zauna. A nan na ji karatun da ya fi maimaitawa, wato lokacin da ake rina ƙarfe ya yi baƙin nan mai sheƙi da ke kare shi daga lalacewa.

Ya ce mutum biyu ne ke ɓata rini, mai gaggawa da mai jinkiri. Wanda ya rina da wuri, duk wani aikin da ya rage sai ya bar tabo: magagari ya bi ta kai ya bar farin layi, zafin walda ya ƙone wurin, zoben da ya matse ya kankare gefe. Faci kuwa ba ya taɓa sajewa, ko yaro zai nuna maka wurin. Don haka sai ya haɗa bindigar gaba ɗaya tana fara, ya zaunar da ƙarfe cikin katako, ya saka kowane zobe da kowace ƙusa, ya ɗaga ta ya auna da ido. Sai ya tabbata babu sauran abin da zai sa a koma ga wuta ko magagari, sannan ya sake kwance ta. Ya goge ƙarfen har ya yi santsi, ya wanke maiƙo tas. Daga nan ba ya ƙara taɓa shi da hannu tsirara, don shatin yatsa yana fitowa a cikin baƙin. In ka hau ka same shi a wannan hali, gwiwar hannu zai miƙo maka ku gaisa.

Mai jinkiri kuma iskar Jidda ce ke hukunta shi. Ƙarfen da aka goge aka bari tsirara, ɗanshin teku da gishiri ba sa ba shi kwanaki, sai ka ga ya yi ƙuraje. Shi ya sa tsakanin guga da rini Kawu ba ya yarda a ɗaga. Zai shafa wani ruwa da yake haɗawa da kansa, ya rataye bututun har ya yi ja-ja-ja da lallausar tsatsa, ya dafa shi a ruwan zafi har jan ya koma baƙi, ya share a hankali, ya sake. Haka zai yi ta yi har ransa ya kwanta, sannan ya shayar da shi mai, ya bar shi ya huta kafin haɗawar ƙarshe.

"Tsatsa biyu ce," in ji shi. "Akwai wadda ka gayyata, akwai wadda ta zo da kanta. Ta farko riga ce, ta biyun ciwo."

Saboda haka lokacin da garin nan ke cika da ruɗuba, ɗanshin nan da ke sa riga ta manne a jiki, kowa yana tsaki, Kawu kaɗai ke murna, don ɗanshin ne ke fito masa da tsatsar da ya gayyata. Sai ya fito da safe ya shaƙi iska ya ce yau ranar aiki ce.

A kan wannan ne suka yi faɗa da ɗansa, faɗa mafi tsanani da na gani a gidan. Dattijon Ta'if zai aurar da jikansa, ya kawo bindigar mahaifinsa a wargaje, yana so ango ya yi ta'ashir da ita. Aiki ya yi nisa sai ciwon sukari ya kwantar da Kawu a asibiti. Taubashina fentin mota yake yi, yana da hannu, kuma tun tasowarsa yake kallon ubansa. Ya ga biki ya matso, ya ga bututun fari tsirara, ya ji tsoron kada tsatsa ta cinye shi kafin tsohon ya fito. Sai ya hau ya rina. Kullum in ya taso daga aiki can yake wucewa, kuma Allah ya sani ya yi kyau. Ni da na gani na ce masa Kawu zai yi murna.

Ranar da aka sallamo Kawu bai ko zauna ba ya hau sama, muna biye. Ya ɗauki bututun da tsumma ya juya shi a rana. Ya ɗauko zoben tsakiya ya zura, zoben ya tsaya a hanya. Ya duba ƙarshen bututun, inda ake liƙa ɗan ƙarfen saiti, ba a kai ga liƙawa ba.

"Wa ya ce maka an gama?" ya tambaya.

Taubashina ya amsa da Larabci cewa taimako ya yi nufi, kuma in an yi waldar shi zai gyara wurin yadda ba mai ganewa. Kawu ya zauna, ya jawo samfefa, ya fara kankare baƙin nan a gabansa, da hannun da bai daɗe da rabuwa da allurar ƙarin ruwa ba. Taubashina ya tsaya yana kallo har farin ƙarfe ya fito, sannan ya ce halas, wato shi ke nan, ya sauka. Ya daina hawa soron, ya daina zuwa cin abincin Juma'a.

Umma ba ta goyi bayan mijinta ba. Ta ce masa ba ƙarfe ya kankare ba, fuskar ɗansa ya kankare, kuma da ya fara da cewa sannu da aiki babu abin da zai ragu a jikinsa. Mahaifiyata ta je ba shi baki ya ce ta yi masa shiru. Ya kira dattijon Ta'if ya gaya masa bindiga ba za ta samu ba kafin biki. Dattijon ya roƙe shi ya haɗa ta ko yaya, yini ɗaya ne kawai, Kawu ya ƙi. Aka yi biki, ango ya yi tsallensa da bindigar aro, dattijon ya ɗauke ƙafa daga gidan na wani lokaci. Ni dai har yau ban iya cewa ga mai gaskiya tsakanin uban da ɗan ba. A kan ƙarfe Kawu ne. A kan sauran, ina ganin Umma ce.

Kawu ya ci gaba da aikin shi kaɗai, a hankali, yana shafe bututun da mai don ya jira shi. Da komai ya zauna daidai, sai ya ga hannunsa na rawa, ba zai iya shafa ruwan ya tafi bai ɗaya ba. Ina wurin ya ce in kira masa ɗansa a waya. Ya karɓa ya ce, "Ta kai. Zo ka rina." Sannan ya ƙara da cewa, "Baƙin da na kankare ya fi nawa kyau."

Taubashina ya zo. Babu wanda ya ce wa wani yi haƙuri. Uban yana zaune yana nuni da haɓa, ɗan yana aiki, Umma ta aiko musu da soyayyen kifi. Su biyu suka kai bindigar Ta'if, dattijon ya yanka musu rago.

Akwai wani mutum da ba zan manta ba. Ya zo umara ya zauna ba takarda, yana tsintar gwangwani a kwandunan shara. Kawu ya gan shi a masallaci, ya lura da wani tabo a kumatunsa irin wanda albarushi ke bari, ya tambaye shi ko maharbi ne. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce da can. Tun daga ranar yake hawa soron yana cin abinci tare da Kawu. In an gama wata bindiga Kawu yakan miƙa masa ya ce ya duba masa ko ta zauna a kafaɗa, alhali ya riga ya sani. Sai ka ga mai tsintar gwangwani ya miƙe ƙyam, ido ya buɗe, ya shiga ba da labarin dawa da gada da yadda ake karanta sawu. Kawu yana saurare kamar mai jin ƙishirwa. Da rashin lafiya ta matsa wa mutumin ya yanke shawarar miƙa kansa ga hukuma a mayar da shi gida, Kawu ne ya raka shi har ƙofa. Da ya dawo bai ci abinci ba ranar.

Kawu shi kansa bai taɓa komawa gida ba. Da farko takardu ne, daga baya iyali, sai kakanmu ya rasu ba ya nan, abin ya zame masa nauyi. Kowace shekara yakan ce baɗi. Wansa yana can ƙauye, suna gaisawa ta waya. Na sha jin hirarsu: an yi ruwa, gero ya yi kyau, wane ya rasu, wance ta haihu. Ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci dawowa ba.

Ranar ƙarshe ta zaman makoki, da la'asar sakaliya kafin a fara taruwa, wayata ta yi ƙara. Jikan wan Kawu ne daga gida, ya ce tsohon yana so a gan shi ya gan mu. Na shiga da wayar cikin gida. Ga shi zaune a kan tabarma, ya rame, amma goshin nan da hancin nan na Kawu ne sak, har Umma ta kau da kai. Suka yi wa juna gaisuwa da mahaifiyata, suka yi kukansu. Sannan ya ce a ba shi ɗan ƙanensa.

Taubashina ya durƙusa a gaban wayar. Tsohon ya sa aka miƙo masa wani abu a naɗe cikin tsohon zane, ya warware. Doguwar bindigar toka ce, ƙotarta ta yi baƙi da hannu, amma ƙarfen fari ne, ya dushe kamar tsohon cokali. Ya ce ita ce ta ƙarshe da suka haɗa tare. Ana gobe Kawu zai kama hanya suka gama zaunar da ita, Kawu ya ce kada a bari kowa ya rina, akwai ɗan abin da bai gamsar da shi ba, zai ƙarasa in ya dawo kafin damina. Da ita tsohon ya yi farautarsa duka, yana shafe ta da mai safe da yamma don kada ta yi tsatsa. Mahaifinsu ya sha cewa ya kawo a rina masa, yana ƙi.

"Na daɗe da sanin ba zai dawo ba," in ji shi. "Amma in na bari aka rina, kamar na sallama ke nan."

Taubashina ya buɗe baki, Larabci ya taho, ya haɗiye shi. Ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Baba, ni zan zo. Ni zan yi."

Tsohon ya yi murmushi. Ya ce ya zo ɗin, don yana so ya taɓa fuskar ɗan ƙanensa kafin ya bi ƙanen nasa, amma bindiga a bar ta yadda mai ita ya bar ta. Sannan ya roƙi abu ɗaya, a nuna masa inda ƙanensa yake zama yana aiki.

Na hau matakala da wayar. Na nuna masa rumfar kwanon, da teburin, da magagarai a jere, da ƙugiyoyin da ake rataye ƙarfe. Yana kallo yana gyaɗa kai, yana kiran sunan kowane abu. Sai ya tambaye ni ta ina gida yake daga nan. Na tsaya na yi tunani, na juya wayar yamma, wajen teku, ko da yake daga Bani Malik ba a ganin tekun, sai tankunan ruwa da rufin gidaje da rana tana gangarawa a bayansu. Ban taɓa lura ba sai ranar, can kujerar Kawu take fuskanta.

"To, riƙe haka kaɗan," in ji tsohon.

Na riƙe. Yana ta kallo. Hannuna ya gaji na sauya ɗayan, har aka kira magariba, na ji ana jan kujeru a ƙasa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya sada shi da mahaifinsa da ya rasu ba su gana ba, ya sada shi da wansa in lokaci ya yi, a gidan da ba a yi wa kowa baƙunta. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.